ZAMAN GARI: Wa ke yanke wurin kasuwa?

Gari in ya girma, kasuwa ce ke hwara nuna ma mutane. Wurin da kakanni sunka share ƙarƙashin gawo ko tsamiya ba shi isa kuma. Masu tebur su hito bakin hanya. Masu tuya su bi su. Mai gyaran babur shi kahwa runhwa kusa da mai shayi, mai saida man mota cikin kwalabe shi jera nashi kusa da wutar mai tsire. Ranar kasuwa babbar mota ta taho da kaya, amalanke ta tare mata gaba, jaki ya ƙi motsi, yara na gilmawa. Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram ya ga haka ga garuruwa da yawa.

Sai wata rana a ji sanarwa ga rediyo, ko a ga takarda manne ga bangon ma'aikatar magajin gari, wadda a ke ce ma meri: kasuwa za ta tashi. Ko kuwa: duk mai runhwa bakin kwalta an ba shi kwana kaza shi kwashe. Manomi shi ce wanga zancen ƴan birni ne. Makiyayi shi ce shi ba shi da kanti, mi ya shahe shi? Amma kasuwa in ta tashi bisa ƙasa ta ke sauka. Ƙasar da ke bakin gari kuwa gonar wani ce, ko burtalin wani garke.

Masu yanke magana

Da can sarki ke ba da wurin kasuwa. Shi ke naɗa sarkin kasuwa da sarkin hwawa, su kuma su nuna ma kowa inda za shi zauna: masu hatsi nan, mahauta can, maƙera da dukawa gehe guda. Turawa sunka zo da igiyar awo da taswira. Maraɗi shaida ce. Shekarar 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon gari da ke cikin hwadama. Anka maida mutane bisa tudu, anka ja hanyoyi miƙaƙƙu, anka yanka unguwanni kamar gidajen dara, kasuwa ma anka ware mata wurinta. Wurin kasuwa ya zama abin da a ke zanawa ga takarda kamin a gan shi ga ƙasa.

Bayan ƴancin kai, sha'anin ƙauyuka na hannun superefe. Ranar 24 ga watan Yuli 2004 anka yi zaɓen ƙananan hukumomi, wato komin, guda 265. Jama'a sunka zaɓi konseye, konseye sunka zaɓi magajin gari. Shekarar 2010 anka hiddo babbar dokar ƙananan hukumomi mai lamba 2010-54. Kasuwa, da tashar mota, da mayanka, da tsabtar gari duk aikin komin ne. Dokar ta ce majalisa ta zauna kowane wata ukku, ƙohwa buɗe, kowa na iya shiga shi saurara. Sarakuna na da kujera ciki, suna ba da shawara amma ba su jehwa ƙuri'a. Abin da anka yanke kuma a aika ma perefe shi duba ko ya bi doka.

An sake zaɓe 2011, an kuma sakewa watan Disamba 2020. Watan Afrilu 2024 gwamnati ta rushe majalisun, ta naɗa wakilai su riƙe aikin magajin gari. Mai kujera ya sake, amma aikin shina nan cikin meri. Inda babu konseyen da mutum za shi tare bayan sallar Jumma'a shi gaya ma kukanshi, hanyar da ta rage ita ce mai gari, da sarki, da arɗo, da ƙungiyar manoma ko ta makiyaya. Ko kuwa mutum shi tahi meri da ƙahwarshi shi yi tambaya. Ba a biyan ko dala don tambaya.

Gyara wajibi ne

Gaskiya kasuwa bisa kwalta ba ta da kyau. Mota ba ta san mai tebur ba. Mayanka kusa da rijiya cuta ce, jini da tumbi na bin ƙasa suna tadda ruwan sha. Injin niƙa jikin bangon lakol na hana yara jin malam. Man mota da wutar tuya kuwa ba su zama maƙwabta. Runhunan kara da zana in sun manne ma juna, babu ko hanyar da motar kashe wuta za ta shiga. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone 1982, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. Shekara biyar ƴan kasuwa na zaman jira wasu wurare. Don haka in meri ta ce masu mai su koma can, mahauta su koma can, a bar hanya tsakanin layi da layi, ba zalunci ba ne.

Inda magana ta ke shi ne yadda a ke tada mutane. Shekarar 2016 hukumomin Yamai sunka bi manyan hanyoyi da katapila, sunka rushe shaguna da runhuna masu yawa. Garuruwan da sunka karɓi bikin 18 ga Disamba, Maraɗi 2015, Tawa 2017, Damagaram 2018, sun samu kwalta da hitilu, kowa ya gani kuma ya yaba. Amma ko wane gari ne, in an share bakin hanya tambaya guda ce ke tsayawa: mai tebur ɗin ga, da tebur ɗin shi ke ciyad da mutum takwas, gobe ina za shi aza shi?

Ba banza ba Bahaushe ke kiran kasuwar da anka kai mutane ba da sonsu ba kasuwar dole. Wata ta kan kama, ta girma har a mance da tsohuwar. Wata kuwa ba ta kamawa ko kaɗan. A gina runhunan kwano masu kyau can bayan gari, a sa tuta, a yanke ƙyalle, kowa shi watse. Babu pampo, babu inuwa, babu makewayi. Da damana hanya ta cika da taɓo, amalanke ba ta shiga. Tasha kuma an bar ta tsohon wuri. Mai saye ba shi bin takardar meri, inda mota ke sauke shi nan shi ke ciniki. Bayan wata ukku masu saidawa su komo bakin kwalta ɗaya bayan ɗaya, a kore su da sahe su dawo da marece, runhunan kwano su zama makwancin awaki. Kuɗɗin jama'a ne ya tahi.

Abin da ya kamata a bayyane shi ke. A gama sabon wuri kamin a taɓa tsohon. A kai ruwa. A kai tasha tare da kasuwa. A yanke ranar tashi bayan kaka, ba tsakiyar damana ba lokacin da mutane ke gona.

Akwai kuma wani abin da a ke yawan mantawa. In za a raba runhuna, sunayen masu kanti da masu biyan patanti a ke rubutawa. Mai hura da nono ba ta cikin takarda. Tsohuwa mai daddawa da kuka ba ta ciki. Manomin da ke zuwa sau ɗaya ga sati da tiya goma ta wake ko damin rama ba shi ciki. Alhali su ne kasuwa. In ƴan ƙauye ba su zo ba, mai kanti wa za shi saida ma sukari da sabuni? Saboda haka taswirar kasuwa na buƙatar hili marar gini inda ƴan ƙauye za su baza kayansu, da wurin ɗaure jakkai da aje amalanke. Wagga magana mai gari ya kamata shi kai ta meri tun mai awo bai ja layi ba. Tun ran gini ran zane.

Gonar bakin gari

Sabuwar kasuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Tana jawo shaguna, shaguna su jawo gidaje. Sai meri ta ce za ta yanka hilaye, abin da ma'aikata ke ce ma lotisma. Masu awo su zo su kahwa turakun siminti. Gonar da ke ba da dame arba'in ta koma hegi-hegi, kowane da lambarshi.

Nan ya kamata manomi shi buɗe kunne, don doka ba ta bar shi hannu wohi ba.

Dokar karkara ta ranar 2 ga watan Maris 1993 ta ce gonar gado mallaka ce. Wanda ya gaji gona bisa al'ada, doka na kare shi daidai da wanda ke da takardar gwamnati. Akwai kuma dokar 1961 da anka gyara 2008, mai maganar karɓar hilin mutum don aikin jama'a. Ta yarda hukuma ta karɓa, amma da sharuɗɗa. Sai aikin ya zama na anhwanin kowa. Sai an yi sanarwa an buɗe bincike, an aje littahi inda duk wanda abin ya shahwa za shi rubuta ko shi sa a rubuta mishi abin da shi ke da shi wurin, da abin da bai yarda da shi ba. Sai kuma an biya diyyar da ta dace, kuma kamin a karɓa, ba bayan an gina ba. Wanda bai gamsu ba shina da damar zuwa gaban alƙali. Lotisma ma ba meri kaɗai ke yanke ta ba, sai ma'aikatar ministan tsarin birane ta sa hannu. Mai gona na da iko shi ce a gwada mishi wagga takarda kamin a kahwa turke ko guda.

Matsala ita ce kwanakin bincike ƙidayayyu ne. Manomi na can shina noma, ko ya tahi cin rani, takarda na manne ga bango rana na cin ta. Ranar da ya ji labari an ruhe littahi. Wanda ya iya karatu cikin ƙauye, in ya shiga gari ranar kasuwa, ya kyautu shi ratsa ta meri shi duba bango. Minti biyar ne.

Matsala ta biyu, shaida. Gona ta gado ce, kowa ya sani, amma tsohhin da sunka san iyaka suna ƙarewa. Ranar diyya sai ka ga mutum ukku sun tashi bisa gona guda: wanda ya gada, wanda anka ba aro shekara ashirin, da wanda ya ce an jinginar ma ubanshi. Don haka ne dokar karkara ta kahwa hukumomin hilaye da a ke ce ma Kofo. Akwai ta ƙauye ko ta rugga, mai gari ko arɗo ke jagorantar ta. Akwai ta komin, akwai ta gunduma ƙarƙashin perefe. Ta ƙauye na ba da takardar shaidar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Takardar ga ba ta hana hukuma yin aikin jama'a. Amma tana nuna wa za a zauna da shi, kuma wa za a biya.

Sau da yawa ba kuɗɗi a ke ba mai gona ba, hilaye a ke ba shi daga cikin waɗanda anka yanka. Nan ne dillalai ke shigowa. Su sun riga sun ga taswira. Sun san hegin da ke kallon ƙohwar kasuwa, sun san wanda ke cikin kwari inda ruwa ke kwana. Su tadda manomi watan da rumbu ya yi ƙasa, su aje mishi kuɗɗi tsaba waɗanda bai taɓa riƙewa ba. Shi saida. Shi yi ma ɗa aure, shi sai babur. Shekara biyu babu gona, babu hegi, babur ya mutu, shina neman ƙwadago ga gonar wani. Hegin kuwa an gina shaguna shidda bisanshi ana karɓar haya kowane wata. Ba a ce kada kowa shi saida ba, yunwa ba ta jira. Amma wanda anka ba hegi huɗu, in ya saida biyu ya sai gona can gaba, ya riƙe biyu, ɗiyanshi ba za su zarge shi ba. Kuma kamin shi yarda da rabo, shi ce a kai shi wurin shi ga lambobin da idonshi, shi tabbata sunanshi ne ga takardar kowane hegi.

Mata da marayu su sunka hi shan wuya wurin ga. Babban wa shi tahi meri shi kaɗai, shi sa hannu da sunan gida duka. Gadon da ba a raba ba, gara a raba shi gaban malamai da mai gari tun gari bai iso ba.

Cikin kowace lotisma ana barin hilayen jama'a: na lakol, na likita, na kasuwa, na itace. Su ma suna son tsaro. Bayan ƴan shekaru sai a ga an tsaga su an saida, unguwa ta cika babu inda yara za su yi karatu. Ko Yamai abin bai bar ta ba. Tun 1965 anka hwara dasa itace kewaye da birnin don tare iska da rairai, wurin ya kai wajen hekta 2.500. Gidaje da yankan hilaye sun ci babban rabo daga ciki. In haka ta samu dajin babban birni, hilin lakol na ƙaramin gari sai mutanen unguwa sun sa ido.

Burtali da kasuwar bisashe

Kasuwar bisashe ita a ke hwara turawa waje, don ƙura da wari. Makiyayi ba shi ƙin haka, shanu ma ba su son hayaniya. Abin da shi ke so ruwa kusa, da shinge mai ƙarhi, da wurin loda bisashe ga mota, da hanyar da garke za shi bi shi iso ba tare da ya shiga gonar kowa ba.

Hanyar ga ita ce burtali, kuma ita ce yankan hilaye ke ci ba a ji ba. Mai awo shina zuwa da rani. Ba shi ganin garke, sai hili shimhiɗe babu shuka, shi ɗauka ba na kowa ba ne. Makiyayi na arewa ko kudu, babu mai gaya mishi. Da ya komo, katanga ta tsaya inda kakanshi ke bi. Shi karkata, shanu su hwaɗa gero, rigima ta tashi tsakanin mutum biyu da ba su ne sunka ja layin ba.

Dokar kiwo ta watan Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. Burtali, da makiyaya, da tabkin shan bisashe na jama'a ne, babu mai mallake su shi kaɗai. Amma burtalin da ba a rubuta ba, ba a kahwa mishi alama ba, da wuya a kare shi gaban taswira. Makiyaya na da kujera cikin Kofo. Arɗo da ƙungiyoyin makiyaya su nemi a bi burtalin da ke ratsa gari ko ke kewaye shi, a auna, a sa turaku, a shigar da shi littahi. In za su tahi da garke kuma, su bar mutum guda da meri ta san shi, wanda za a kira in zancen awo ya taso.

Tikitin kasuwa

Sauran aikin meri na yau da kullum ne: takardar haihuwa da ta aure da ta mutuwa, kwashe juji, yashe magudanar ruwa kamin damana, tsare dabbar da ta ɓace ko ta yi ɓarna har mai ita shi zo. Duk da kuɗɗi a ke yin su. Wasu daga lanho su ke hitowa, wanda anka daɗe ana biya dala 140 ga mutum cikin ƙauyuka ta hannun mai gari. Wasu kuma daga kasuwa.

Ga lissahi, misali ne kawai. A ce kasuwa na tara masu saidawa 300, kowa ya biya dala 10. Dala 3.000 ke nan, wato jika 15, rana guda. Shekara na da sati 52. Jika 15 sau 52, jika 780. Ba a sa na bisashe ba, ba a sa na tasha ba, ba a sa hayar runhuna ba. Kuɗɗin ga sun isa a ga alamarsu: makewayi, randar ruwa, mai shara.

Inda su ke zuba sananne ne. Mai karɓa shi ce tikiti dala goma ne, amma kawo biyar ka tahi ba tikiti. Mai saidawa shi ga ya ci riba. Dala biyar ɗin ga aljihu ta shiga, meri ba ta gan ta ba. Gobe shi ne za shi ce ana karɓa ba a aikin komi. Wanda ya biya shi karɓi tikiti, shi duba lamba da hatimi. Na dabba kuwa shi adana shi da kyau, don shi ne shaidar saye in wani ya taso ya ce saniyar sata ce.

Wajen ƙarshen shekara, bayan kaka, meri ke shirya kasahin kuɗɗin shekara mai zuwa. Lokacin ne a ke rubuta ko za a gina runhuna, ko za a tada kasuwa, ko za a yanka hilaye. Lokacin ne kuma mutane ke gida, iyakokin gonaki na bayyane don kara bai tashi ba. Mai gona bakin gari da ba shi da takarda shi tadda mai gari shi ce shina son shaidar Kofo. Shi kira maƙwabtanshi na gabas da yamma da kudu da arewa, da tsohhin da sunka san wurin, a zagaya iyaka tare. In an rubuta, shi sa a karanta mishi da ƙarhi gaban shaidu kamin shi dangwala yatsa. Kwahi guda shina zama wurin hukuma. Nashi shi naɗe shi cikin leda shi sa akwati, nesa da gara.